Wa Ya Biya Kuɗin Furannin?

Wannan makon ni aka ɗora wa nauyin rubutu, kuma na daɗe ina juya abin da zan kawo muku. Da farko na so in yi bayani a kan yadda ake gina barkwanci a labarin soyayya, irin bayanin nan na malamai mai lamba ɗaya, lamba biyu. Sai na ga ban isa ba, domin littafin barkwanci ɗaya tak na taɓa rubutawa, kuma bai ba kowa dariya ba. Gara kawai in ba ku labarin yadda aka yi.

A watan Yulin 2024, lokacin da ake bikin Anant Ambani da Radhika Merchant a Mumbai, ina zaune a gida nan Gesse, na gama difloma a kwalejin Waziri Umaru, ina jiran abin da Allah zai yi. Duk mai waya a hannu ya ga abin da na gani. Tun watan Maris aka fara shagali a Jamnagar, aka ɗauko Rihanna. Da Yuli ta zo, ga Justin Bieber, ga Rema namu na Najeriya. Datar sati guda a kwana biyu nake cinye ta, ina kallon gwala-gwalai da furanni har wayata ta ɗauki zafi. A cikin wannan zazzaɓin na buɗe sabon shafi na fara rubutu.

Ba zan faɗi sunan littafin ba, waɗanda suka karanta sun san shi, Allah Ya ba su haƙuri. 'Yar wani attajiri ce ɗan Kebbi, tana karatu a Indiya. Ƙawarta Ba'indiya za ta yi aure a Udaipur, garin tafkuna da ke jihar Rajasthan, a wani otal da aka gina a tsakiyar ruwa. Ta tafi biki, ta yi karo da wani saurayi Bahaushe mai girman kai, abokin ango. Ta tsane shi, ya tsane ta, sauran kun sani. Feji arba'in da biyu na yi, ni da ban taɓa wuce Kaduna ba. Wajen ban dariya kuwa, ta zuba masa lemo a riga, ya zame ya faɗa tafki, sun yi musayar akwati a filin jirgi. Duk abin da na taɓa gani a fim sai da na cusa.

Kada wani ya ce son Indiya laifin 'yan zamani ne. Gadonsa muka yi. Tun kafin a haifi iyayenmu Kwarori masu gidajen sinima suke kawo finafinan Indiya Arewa, kuma Mother India na 1957 har yau akwai dattawan da za su ba ka labarinsa daga farko har ƙarshe. Iyayenmu ne suka raɗa wa Dharmendra suna Sarkin Ƙarfi, suka kira Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin. Wani Bature mai suna Brian Larkin ya zauna a Kano ya yi nazarin wannan ƙauna, ya wallafa maƙala a kanta a 1997, Farfesa Abdalla Uba Adamu kuma ya shafe shekaru yana bin sawun yadda ta shiga littattafanmu da finafinan Kannywood. Mu kuma da muka taso, sai muka tarar an fassara mana komai, Ba'indiye na zagi da Kananci a bakin 'yan Algaita. To ina mamaki don 'yar Gesse ta kai jarumarta Udaipur?

Littafin ya samu masu karatu, ba laifi. Kullum da safe sai in tarar da saƙonni: "Allah Ya ba mu miji irin wannan", "Don Allah a ƙara yawan feji", "Wayyo kayan amarya". Alamar zuciya ake turo mini ja-ja-wur. Alamar dariya kuwa, in na ga guda biyu a feji na gode Allah, ɗaya ma daga ƙanena take, shi kuma ni yake yi wa dariya.

Ranar zaman karatu na ƙungiyarmu na ɗauki fejin da na fi ji da shi na karanta a gaban mutane. Inda ake shiga da amarya ne, an lulluɓe hanya da furanni tun daga bakin ruwa har cikin fada. Na gama, aka tafa. Sai wani dattijo a cikinmu, malamin Hausa ne a sakandare, ba ya yawan magana, ya gyara tabarau ya ce, "Malama, rubutu ya yi kyau. Tambaya ɗaya gare ni. Wa ya biya kuɗin furannin?"

Aka yi dariya. Na ce masu kuɗi ne ai, Malam. Ya ce, "To shi ke nan. In babu wanda aljihunsa ya ji ciwo, babu wanda ke jin kunya, babu wanda ke ɓoye wani abu, me zai ba ni dariya?" Na dawo gida a bayan kabu-kabu ina ta ƙunƙuni, ina cewa tsofaffin nan ba su san abin da ake yayi ba. Wata biyar na yi ina jin haushinsa.

Ina da taubashiya a Argungu, 'yar ƙanen mahaifiyata. Na girme ta da shekara uku, kuma kun san tsakanin taubasai, ba ta raga mini, ba na raga mata. Ita ce kan gaba a masu karanta littafina, ita ke tura shi zaurukan ƙawayenta. Aka sa bikinta ƙarshen Disamba. Wata rana da dare ta kira ni, muryarta har rawa take don murna, ta ce ta gama tsara komai: kamu, sa lalle, walima, sannan daren Indiya, "sak irin na feji na talatin". Ni kuma, Allah Ya yafe mini, daɗi na ji. Na ji kamar an karrama ni. Nan take na ce ni ce shugabar shirye-shirye.

Kawu manomin shinkafa ne a fadama. Yana da rufin asiri, amma rufin asirin manomi a buhu yake, ba a banki ba. In ya girbe ta damina, yakan ware ta ci, ya ware ta iri, ya ware wadda zai sayar ya sayi taki da man injin ban ruwa don noman rani. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 wannan kaso na uku ya zama shi ne ran gonar. Duk na san wannan, a gidan nake hutu tun ina ƙarama. Amma da muka zauna lissafin daren Indiya, ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba. Kayan ɗaki na kansa, gara na kansa, abincin baƙi na kansa, muka zo muka aza masa kuɗin ɗakin taro, da mai kiɗa, da mai hoto, da furannin roba ruwan ɗorawa buhu guda.

Da ta kai masa maganar bai yi faɗa ba. Kirana ya yi ya ce, "Ɗiyata, ke kir rubuta wanga abu da ƙanwarki ka hwaɗi?" Na ce e, Kawu. Ya yi shiru, ya ce, "To, Allah shi yi albarka." Ita ce 'yarsa ta fari. Ba ya son a ce ya gaza.

Bari in ba ku labarin daren, don har yau in na tuna sai na riƙe ciki.

Sari dai yadi ne dogo, kusan shida, ba a ɗinka shi, naɗa shi ake yi. Mu ƙawayen amarya goma sha biyu ne, babu wadda ta taɓa naɗa shi. Mun kalli bidiyo a YouTube har sau nawa, muka gaji, muka kai wa tela a babbar kasuwar Birnin Kebbi ya mayar mana da shi siket da mayafi. Uku daga cikinmu suka ce su na asali za su naɗa, aka ƙarar da kwalin fil guda a jikinsu, ba su iya zama a kujera ba har aka tashi. Ga sanyin Disamba, ga Argungu a bakin gulbi, hazo ya sauka tun la'asar. Duk wadda ka kalla haƙoranta na haɗuwa. Kuma tunda sai mun ratsa ta zauren da Kawu ke zaune da abokansa, kowacce ta zumbula hijabi har ƙasa a kan sarinta, muka fito jere kamar masu zuwa Islamiyya.

Ango malamin makaranta ne, mutum mai kunya. An ɗinka masa doguwar riga mai maɓallai irin ta angwayen Indiya, ta matse shi a ƙirji, aka naɗa masa jan rawani. Yana shigowa kakarsa ta miƙe tsaye tana salati, tana tambayar wace sarauta aka ba shi ba a gaya mata ba.

Sai maganar takalmi. A bikin Indiya ƙannen amarya mata kan sace takalmin ango su ɓoye, ba za su bayar ba sai ya biya. Na sa wannan a littafina, don haka muka sa yara biyu suka ɗauke takalmin lokacin da ya cire zai hau shimfiɗa. Abin da ban yi tunani ba shi ne, a duk ɗakin nan mu kaɗai muka san wasa ne. Takalmin kuma aro ne, na babban abokinsa. Kafin mu ankara abokan ango sun rufe ƙofa, mai gabatarwa ya karɓi lasifika yana cewa duk wanda ya ɗauki takalmin ango ya ji tsoron Allah, ya tuna akwai ranar hisabi. Wani har ya fara laluben yaran unguwa. Na tafi da gudu in yi bayani, sarina ya harɗe ni.

Na ƙarshe shi ne shinkafa. A feji na talatin amarya ta ɗebi shinkafa ta watsa ta bayan kanta tana tafiya tana kuka. A fim na gani, ya yi mini kyau, na rubuta. Mai kiɗa ya saki wata waƙar Indiya mai sanyi, aka miƙo wa taubashiyata faranti, ta ɗiba ta watsa. Ta ɗibi ta biyu ke nan, sai ga Gwaggo, babbar yayar su Kawu, ta keto tsakiyar fili da sandarta.

"Ke! Shinkafa ta kika watsawa ƙasa? Kun san nawa aka saida kwano yanzu?"

Ta ƙwace farantin, ta sa aka kawo tsintsiya, ta tsaya a kan yara sai da suka tattare ƙwaya ɗaya ba ta rage ba, waƙa na ta tashi, amarya na tsaye da jan mayafi ba ta san ko ta ci gaba da kukan ba. Mutane har da masu faɗuwa daga kujera. Ni da na yi feji arba'in da biyu ina neman wannan dariyar, ga ta nan a gabana kyauta, kuma babu hannuna a ciki sai ta hanyar wauta.

Washegari da safe na shiga ɗakin Innar amarya neman ashana, na same ta da littafin makaranta mai fallaye arba'in a cinya. Littafin biki ne. Wance ta kawo kaza, wance turmin atamfa, wance ta kawo rabin abin da aka kai mata lokacin bikin 'yarta. Tana karantawa tana tsaki, tana dariya, tana share hawaye. A shafin baya kuma bashi ne: mai gado, mai kujeru, adashen da ta ɗauka tun ba zagayenta ba. A bakinta na ji cewa Kawu ya sayar da buhu takwas na shanshera daga cikin na mai da taki. Ranin da ya biyo baya rabin gonarsa ya noma.

Ba zan ɗauki laifin duka ba, don zai zama wani sabon girman kai. Daren Indiya da daren Larabawa da ranar ƙauyawa sun riga littafina zuwa, kuma ko ban rubuta ba tana iya gani a TikTok. Amma ni na ba ta lambar feji.

Da na dawo Birnin Kebbi sai na koma kan finafinan da nake taƙama da su, wannan karon da tambayar Malam a kunnena. Na fara da Hum Aapke Hain Koun na Sooraj Barjatya, 1994, mai waƙoƙi goma sha huɗu, wanda wasu masu sharhi suka yi wa ba'a da cewa bidiyon biki ne kawai. Daga can na kwaso satar takalmi. Sai yanzu na lura wasan yana tafiya ne saboda kowa a gidan ya san dokarsa: tsakanin ango da ƙannen matarsa akwai wasa, kamar yadda yake a wajenmu, kamar na jika da kaka, kamar na Bagobiri da Bayarabe, kamar nawa da taubashiyata. Mu ma muna da kamu, muna da sayen baki, inda ƙawayen amarya ke tsuke fuska su yanka wa abokan ango kuɗi, a yi ta ciniki kamar a kara. Da wannan na rubuta, da ba sai na yi wa kowa bayani ba. Sannan duk raye-rayen fim ɗin suna zaune ne a kan wani abu mai nauyi: yayar ta faɗo daga bene ta rasu ta bar jariri, dangi suka ce ƙanwar ta maye ɗakinta, alhali ƙanen mijin take so. Wace Bahausa ce ba ta san irin wannan maganar ba? Dariyar farko ita ke sa kukan baya ya yi zafi, tsoron abin da ke tafe kuma shi ke sa dariyar ta yi daɗi in ka sake kallo.

Monsoon Wedding na Mira Nair, wanda ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Venice a 2001, shi ya fi kunyata ni. Uban amarya a birnin Delhi, mai rufin asiri, yana ta fafutukar fita kunya har da neman rance wurin abokansa. Yana faɗa da ɗan kwangilar da ke kafa rumfa saboda ya kafa fara, alhali fari a wurinsu na makoki ne. Ɗan kwangilar kuma, mai yawan surutu da waya a kunne, yana tsinkar furannin ado yana ci, ya faɗa son 'yar aikin gidan. Ga kuma wani babba a dangi, wanda kowa ke cin arzikinsa, da mugun sirri a tsakaninsa da yaran gidan, uban ya rasa ko ya rufe don biki ya tashi lafiya ko ya kore shi. Kawuna ne sak a cikin wannan uban, ban da harshe. Furannin da na baza a littafina kamar daga sama suka zubo, a nan an nuna mini mai kawo su, da mai biya, da mai cin su.

A 2 States, littafin Chetan Bhagat na 2009 da aka mayar fim a 2014, akwai inda biki ya tsaya cak saboda ɓangaren ango sun raina motar da iyayen amarya suka bayar. Indiya ta haramta irin wannan dukiya da ake karɓa daga iyayen mace tun da dokar 1961, amma har yau ba a daina ba. Ku cire mota ku sa gara, ko kujeru, ko firji, ku gaya mini ba ku taɓa jin dangin miji sun leƙa ɗaki sun taɓe baki ba. Ashe abin da ya haɗa mu da Indiyawa ke nan tun farko, uba mai 'ya mace da kunya a wuyansa. Ni kuwa na tsallake shi na kwaso mayafi.

Shinkafar ma na bincika. Amarya na watsa ta ne lokacin barin gida, alamar godiya ga iyayen da suka ciyar da ita, da fatan kada albarka ta bar gidan bayan tafiyarta. Da na karanta wannan sai da na ajiye wayar. 'Yar manomin shinkafa, wadda aka sayar da buhu takwas don darenta, tana watsa wa ubanta shinkafa ta baya. Da na san ma'anar, da wannan feji ya zama mafi kyawun abin da na taɓa rubutawa. Na rubuta shi ne kawai don ya yi kyau a ido.

Wani abin da ya ƙara tsaya mini: lokacin da kamfanin Blaft na birnin Chennai ya tashi buga littafin Hausa da Turanci a 2012, Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ya ɗauka, fassarar Aliyu Kamal. Labarin Rabi ne, matar da miji ya kora da 'ya'ya tara a Kano, ta koma sayar da abinci. Indiyawa sun zo har gida sun ɗauki Rabi da tukunyarta, ni ina can ina gina musu fada a tsakiyar tafkinsu.

Ba cewa nake a daina rubuta bikin masu kuɗi ba. Mai karatu da ta wuni tana wanke-wanke tana da haƙƙin ta shiga fada na minti goma kafin barci, ni ma ina shiga. Kuma taubashiyata, da na je mata da jimamina, dariya ta yi mini. Ta ce daren nan shi ne abu ɗaya a duk bikin da ita ta zaɓa da kanta, sauran duk na iyaye ne da dangin miji, kuma ko gobe aka dawo sai ta sake. Hoton na nan a bangon falonta, ita da jan mayafi, ango da rawani ba takalmi. Na rasa amsar da zan ba ta, har yau ban samu ba.

Yanzu dai ina kan sake littafin. Jarumar ta dawo daga Udaipur, ta zama mai ɗinki a Argungu da ta karɓi kwangilar sari goma sha biyu ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba. Saurayin mai girman kai ya zama abokin ango mai takalmi. Ina feji na tara. Kusan rabin masu karatuna sun gudu, wata ta rubuto mini cewa ita ba ta sayi data don ta karanta talauci ba, kuma maganar ta yi mini ciwo fiye da yadda zan iya faɗa a nan. Waɗanda suka rage kuma suna turo labaran bukukuwan gidajensu har na rasa inda zan sa su. Malam ya karanta feji uku, bai ce komai ba, amma na ga kafaɗarsa na motsi.

Sallar da ta wuce na je Argungu na nemi izinin Kawu in sa shi a ciki. Ya ce in sa, amma kada in rubuta buhu takwas, in rubuta huɗu, don kada mutane su ce ba shi da wayo. Gwaggo na jin mu daga ɗaki ta ɗaga murya ta ce ita ba ta yafe ba sai an biya ta, tunda da bakinta za a yi ciniki. Na tambaye ta ina shinkafar da ta sa aka share. Ta ce kwano ɗaya da rabi ta samu, ta tsince, ta wanke, kuma tuwon da muka ci ranar buɗar kai har muna neman ƙari, da ita aka tuƙa.